Yadda Za Ka Zaga Jos a Kwana Uku: Abin Gani, Abin Ci da Abin Kiyayewa

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa wayata ba ta huta ba. Wannan ya ce zai kawo amarya su sha iska, wancan ya ce yara sun samu hutun makaranta, wani kuma ɗaurin aure ne zai kawo shi, yana so ya ƙara kwana biyu ya ga gari. Tambayar dai ɗaya ce: idan na sauka Jos, ta ina zan fara? Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya.

A shekarun da na yi ina karɓar baƙi, na lura ba rashin wurin zuwa ke ɓata wa mutane tafiya ba, juya tsari ne. Mutum ya sauka ya faɗa kasuwa ranar farko, kayan lambun su yi yaushi a ɗaki kafin ya tafi. Ya nufi dutse da azahar. Ya bar tafiya mafi nisa sai bayan la'asar. Tsarin da nake bi da baƙina shi ne: cikin gari ranar farko, dutse da sassafen rana ta biyu, bayan gari rana ta uku, kasuwa kuma safiyar tafiya.

1. Zaɓi watan zuwa

Jos tana kan tudu, sama da mita 1,200 daga matakin teku, kuma wannan tudun shi ke juya komai na garin, daga abin da za ka sa har abin da za ka ci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu sanyi ne, mafi tsananinsa a Disamba da Janairu, musamman da asuba. Damina takan fara wajen Afrilu ta kai Oktoba. A Yuli da Agusta ruwa kusan kullum ne, wani lokaci har da ƙanƙara.

Idan zaɓi a hannunka yake, ka zo tsakanin ƙarshen Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, hazo bai rufe duwatsu ba, kuma magangarun ruwa na nan da ƙarfinsu. Wanda ke gudun zafin Sakkwato ko Maiduguri kuwa, Maris da Afrilu ne nasa.

Hattara: makon Kirsimeti masaukai kan cika, farashi ya hau. Makon zaɓe kuma ba makon yawon buɗe ido ba ne. Ko wane wata ka zaɓa, ka kira wani mazaunin garin daren da za ka taso ka ji yadda aka wuni.

2. Haɗa jaka

Rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa, man shafawa mai maiƙo da man leɓe. Takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa saboda dutse. Gorar ruwa, katin shaida, da na'urar ajiye cajin waya. Da damina a ƙara lema. Mai asma kada ya bar maganinsa a gida, yara kuma a ninka musu kaya.

Wani ƙanin mahaifiyata ya taɓa zuwa daga Gusau a watan Janairu da 'yar shararar shadda, yana cewa wane sanyi ne bai gani ba. Da aka kira asuba ya taɓa ruwan buta sai na ji yana cewa, "Kai yaro, ashe da gaske kuke!" Kafin hantsi muna Katako muna zaɓar masa suwaita. To idan ka manta, kada ka damu: gwanjon kayan sanyi a kasuwar Katako da kewayen Taminus ya fi na garinku yawa da sauƙi.

3. Hanya da sauka

Daga Abuja ana bi ta Keffi da Akwanga, a hau Hawan Kibo, a wuce Riyom, a shigo ta Mararrabar Jama'a da Bukuru. Ka ware awa huɗu zuwa biyar. Daga Zariya da Kaduna yawanci ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre ake zuwa, a shigo ta hanyar Zariya. Motocin Kano ma da yawa Saminaka suke ɓullowa. Daga Bauchi kusan awa biyu ne ta yankin Toro da Tilden Fulani. Mai jirgi zai sauka a filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang, wanda ke da tazara sosai da tsakiyar gari, don haka ka shirya wanda zai ɗauko ka tun kafin ka tashi.

Ka shiga motar farko ta safe. Burinka rana ta faɗi kana cikin ɗaki, ba kana kan hanya ba. Akwai shingayen jami'an tsaro da yawa a kowace mashiga. Katinka ya kasance a aljihun gaba, kuma kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoto a shinge.

Hattara ga mai tuƙa motarsa: Hawan Kibo gangare ne mai lanƙwasa, manyan motoci kan rasa birki a kansa. A duba maka birki da ruwan lagireto kafin ka taso, kuma kada ka manne wa tirela a baya, hawa ko sauka.

4. Kama masauki

Nan sai na faɗi gaskiya yadda take. Tun rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya, unguwannin Jos da yawa sun rabu, wasu Musulmi suka fi yawa, wasu Kirista. Da rana kowa na cuɗanya da kowa a kasuwa da ofis da cikin keke, Hausa ce kuma ke haɗa Birom da Jarawa da Anaguta da Bahaushe da Ibo. Amma baƙo ba ya yawon dare a unguwar da bai sani ba, kuma ba ya buɗe muhawarar addini ko ta wa ke da gari da wanda ya haɗu da shi yau.

Idan kana son masallaci kusa, da mai shayi da mai tsire a bakin ƙofa, ka nemi masauki wajen Bauchi Road ko kewayen babban Masallacin Juma'a. Idan shiru kake so da fili, sai Rayfield ko tsohuwar unguwar Turawa, amma ka san za ka riƙa biyan kuɗin mota kafin ka kai ga tuwo.

Kafin ka biya, ka shiga ɗakin da ƙafarka ka tambayi abu uku: akwai ruwan zafi, akwai bargo, ƙarfe nawa ake kashe janareta. Kada ka ƙara kuɗi don na'urar sanyaya ɗaki, a watannin sanyi ko fanka ba za ka kunna ba. Na taɓa kama wa wani abokina ɗaki ta waya a wani masauki, aka rantse mini akwai ruwan zafi. Da safe sai ga yaro da ɗan bokiti rabi, wai shi ne na mutum biyu.

5. Kasafta kuɗi, ka san abin hawa

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, farashin da ka rubuta yau ba ya kai wata biyu, don haka ma'auni zan ba ka. Masauki da mota su ne ke cin kuɗin tafiyar Jos. Kuɗin shiga gidan tarihi da gandun namun daji da tafkin Rayfield, ko ka haɗa su duka, ba su kai shatar mota ta yini guda ba. Abinci kuwa, in ka bi inda 'yan gari ke ci, ya fi na Abuja sauƙi nesa ba kusa ba. Ka raba abin da ke hannunka gida huɗu: masauki, zirga-zirga, ci da sha da tikiti, sai tsaraba. Ka ɓoye kuɗin motar komawa daban, kada ka taɓa shi ko da dankali ya ruɗe ka.

Cikin gari keke ne abin hawa, wato abin da Kanawa ke kira a-daidaita-sahu. Akwai na haɗaka, inda kowa ke biyan kujerarsa, akwai shata, wadda a nan ake cewa dirof. Ka yi ciniki kafin ka zauna. Akwai kuma manyan bas-bas na gwamnatin jiha, Tin City Metro, masu bin manyan tituna. Acaɓa an daɗe da hana shi a Jos da Bukuru, ko ka gan shi a lungu kada ka dogara da shi. Domin rana ta biyu da ta uku kana buƙatar mota ta yini, kuma direban ya zama wanda mai masaukinka ya san gidansu.

Hattara: ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin a dutse da bakin ruwa sabis kan ɗauke, tiransifa ta maƙale. Ranar Juma'a ana rufe titunan kewayen babban masallaci kafin salla, ranar Lahadi da safe ana tsare na kusa da manyan majami'u. Asabar ɗin ƙarshen wata akan yi tsaftar gari da safe a taƙaita zirga-zirga. A ranakun manyan bukukuwa kuma akan dakatar da keke.

6. Rana ta farko: gidan tarihi, sannan namun daji

Ka karya da wuri ka isa gidan tarihi wajen ƙarfe tara. A tsakiyar gari yake, kowane mai keke ya san shi, in ka ce gidan zu ma zai kai ka, domin a jere suke. An buɗe shi a 1952 ƙarƙashin Baturen nan Bernard Fagg. Ka ba shi awa uku, kuma ga yadda za ka bi shi.

Fara da babban zauren, inda sassaƙen yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok suke. Masu haƙar kuza ne suka fara tono irinsu, kuma sun haura shekara 2,000. Ka tsaya ka dubi idanun da kitson kawunan, za ka ga gyaran gashin da har yau ake yi a ƙauyukanmu. Gidan yana kuma ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci, ɗalibin ilimi ya tambayi ma'aikata. Daga nan ka wuce rumfar tukwane, inda aka tara randuna da tuluna daga sassan ƙasar nan. Mata sukan daɗe a nan fiye da ko'ina. A waje akwai tsohon kan jirgin ƙasa da kayan aikin zamanin kuza, wurin da yara ke son hoto.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne juyawa daga nan, alhali mafi kyawun abin yana gaba. Ka tambayi hanyar filin gine-ginen gargajiya. Can aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da girmansu, da ƙasa, kamar yadda magina na da suke yi. Ka shiga cikin masallacin ka ɗaga kai ka ga bakan gizon da aka ɗaura ba siminti ba rodi, irin aikin Babban Gwani, maginin da ya gina ainihin masallacin na Zariya. A wurina wannan ɗaki kaɗai ya biya kuɗin motar zuwa Jos. Ginin ƙasa ne, damina na cinsa, don haka kada ka bar yara su hau katanga, kuma ka bi inda ma'aikaci ya nuna.

Ka nemi ɗan rakiya daga ma'aikatan gidan tun a ƙofa, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto, in an gama ka ba shi na goro. Ba tare da shi ba rabin abin da ke wurin tukunya ce kawai a idonka.

Ka yi azahar a babban masallaci, ka ci abinci a nan kusa, ka ɗan kishingiɗa. Wajen ƙarfe uku ka nufi gandun namun daji da ke gefen Tudun Wada, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Na ce ƙarfe uku ne domin da tsakar rana dabbobi kwance suke a inuwa. Kada ka sa ran Yankari za ka gani. Akwai birai da jimina da kada da sauransu, amma ni abin da ke kai ni shi ne tafiya a ƙarƙashin dogayen itatuwa da iska mai sanyi. Wurin da faɗi, ka zo da tabarma da ruwa. Mai ƙananan yara da ba za su jure tafiya ba, gidan zu na kusa da gidan tarihi ya ishe shi, ba sai an yi duka biyun ba.

Hattara: kada ka miƙa wa biri abinci da hannu, kada yaro ya zura yatsa a keji, kuma ka fito kafin magariba.

7. Abin da za ka ci, da lokacinsa

Da safe masa. Ta Jos dangin ta Bauchi ce, mai taushi, ana cinta da miyar taushe ko da ƙuli da yaji. A lungunan unguwannin Hausawa irin Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo ka bi inda ka ga yara sun yi layi da kwano. Wadda ba layi a gabanta, ka wuce. A haɗa da kunun gyaɗa ko shayi mai kauri.

Da rana gwate. In ka bar Jos ba ka sha gwate ba, to wucewa ka yi. Ɗan'uwan fate ne, amma na acca ko tsakin masara, da alayyafo da yakuwa da gauta, a dafa shi da ƙashi har romon ya kama. Ɗan tsami da ɗan ɗaci su ne daɗinsa, kada ka ce a rage. Da zafinsa ake sha, in ya huce ya zama wani abu dabam. Wanda ya fi son abin taunawa ya nemi tuwon acca, mara nauyi a ciki, ko naman riɗi, wato naman da aka dafa aka tumurmusa shi cikin riɗi.

Dankalin Turawa kuma a nan gidansa yake, daga Bokkos da Mangu ake lodinsa zuwa ko'ina a ƙasar nan. Ka ci soyayye da ƙwai ko fatensa, za ka gane wanda ke isa garinku ya gaji a hanya.

Da dare tsire da balangu. Masu nama a Jos ba sa rowar kabeji da albasa da tumatir, domin a bayan gida ake nomansu. Ka zaɓi yankan da kanka, ka ce a mayar maka da shi wuta. Daga nan teburin mai shayi, inda za ka ji labarin gari, daga farashin taki har wasan Plateau United, da tsofaffin da har yau ba su daina zancen ƙungiyar ƙwallon Mighty Jets ba.

Sai atili, 'ya'yan itacen nan masu maiƙo da ake kawowa daga wajen Pankshin. A ruwan ɗumi ake jiƙa shi ya yi laushi. Baƙi sukan zuba masa tafasasshe don sauri, sai ya ƙanƙame ya koma kamar tsakuwa.

Hattara: gari ne na jama'a iri-iri, kowa da abincinsa. A wasu unguwanni ana sayar da naman da Musulmi ba ya ci, da burkutu. Ba abin faɗa ba ne kuma ba abin yatsina fuska ba ne. Ka ce, "Mama, sannu da aiki, naman mene ne?" za a gaya maka gaskiya. Ɗanyen ganye kuma, latas ne ko kabeji, in kai ka saya ka wanke shi da ruwan gishiri, domin wasu lambunan da ruwan rafin cikin gari ake ba su.

8. Rana ta biyu: duwatsun Shere da asuba, Rayfield da yamma

Wannan ce ranar da ke buƙatar shiri tun daren jiya. Ka tabbatar da direba, ka tabbatar da ɗan jagora, ka cika gora, ka kwanta da wuri.

Duwatsun Shere suna gabas da gari, kimanin kilomita 10, ana bi ta Lamingo. Ƙololuwarsu ta kai wajen mita 1,800, tana cikin mafi tsawo a tudun Filato. A gindinsu akwai cibiyar horar da matasa ta gwamnatin tarayya, kuma ta nan ko ta wajen mutanen ƙauyen ake samun wanda ya san hanya. Akwai kuma ƙungiyoyin matasa masu hawa dutse ranar Asabar, in ka dace da su ka huta da neman jagora.

Ka bar masauki da an sallame asuba, ƙafarka ta taka dutse kafin bakwai. Ka ci abu kaɗan, ba tuwo ba. Kowane mutum da ruwansa, aƙalla babbar gora guda, da dabino ko gyaɗa a aljihu. Za ka fara da rigar sanyi, kafin rabin awa ka cire ta, don haka ka zo da jakar goyo hannuwanka su zama a sake. Mata su sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, hijabi kuma gajere, wanda ba zai maƙale a ƙaya ba. Silifas da takalmin zuwa biki su zauna a mota.

Ƙasar Jarawa ce, wato Afizere, kuma za ka ratsa gonaki da gidajen mutane masu shingen ƙerana. Ka yi sallama, ka gaida dattijo da "Baba, sannu da gida", kada ka tsinki komai a gona, kada ka ɗauki hoton mutum ba izini. In jagora ya ce wancan dutsen ba a hawansa, kada ka nemi dalili.

Ba dole ne ka kai ƙololuwa ba. Hawan awa ɗaya ya isa ka ga Jos a shimfiɗe, da madatsar ruwa tana walƙiya a ƙasa, da tarin duwatsun da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu. Ka fara saukowa kafin sha ɗaya. A saukowa ake yawan faɗuwa, domin gwiwa ta gaji kuma mutum ya saki jiki. Inda ya yi santsi, ka zauna ka ja gindi, ba wanda zai yi maka dariya da bai taɓa yi ba.

Hattara: da damina in hadari ya haɗu ka sauko nan take, dutse jiƙaƙƙe sabulu ne, ga tsawa. Kada ka zura hannu a kogo ko tsagar dutse saboda maciji. Na taɓa hawa da abokai biyu ba jagora, muna taƙamar mu 'yan gari ne. Hazo ya sauko, kowane dutse ya koma kamar ɗan'uwansa, sai da wata tsohuwa mai itace ta ji muryarmu ta ce, "'Ya'yana, ai kun ba gari baya." Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tsaya a gindin dutse ya sha iska, shi ma ya more.

Bayan azahar barci. Da la'asar sai Rayfield, bakin tafkin da ake shiga kwalekwale. Tsohon ramin haƙar kuza ne ruwa ya cika, irinsu kuwa birjik suke a kudancin gari. Ka sa rigar ceto kafin ka shiga jirgi, in babu ita ka haƙura. Kada ka yi iyo a kowane kududdufin kuza, domin ba su da gaɓa mai gangarowa a hankali, taku biyu ne sai zurfi. Mai iyali ya zo ranar aiki, domin ƙarshen mako wurin na masu kiɗa ne. A hanya za ka wuce filin wasan golf da Turawan kuza suka kafa tun 1913.

9. Rana ta uku: Riyom da magangarar Assop

Duka biyun a kan hanyar Abuja suke. Dutsen Riyom ne farko, manyan duwatsu a ɗore bisa juna kamar iska za ta ture su, ana hango su daga titi. Rabin awa ya isa. Ƙasar Birom ce, in an yi maka alheri ka ce "mafeng", za ka ga fara'a. Daga nan a gangara Hawan Kibo zuwa Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse cikin kurmi. Ana biyan kuɗi a ƙofa, a taka 'yar tafiya zuwa bakin ruwa.

Ka tafi da safe, ka juyo kafin la'asar. Ka tambayi direba da mai masauki halin hanya a safiyar ranar, in sun ce a bari, a bari. Kada ku ratse daga babban titi zuwa ƙauyukan ciki. A bakin ruwan kuma, duwatsun da suka yi kore santsi gare su, kuma ƙarƙashin magangarar ba wurin wanka ba ne, balle da damina. Hoton da ka ɗauka daga nesa ma ya yi kyau.

Wanda Abuja zai koma ba sai ya ware wa wannan rana guda ba. Ya yi kasuwa da sassafe, ya tsaya Riyom da Assop a kan hanyarsa, ranar da ta ragu kuma ya kai ta Vom, garin cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke nan tun 1924, inda gonakin sitiroberi suke a kewaye.

10. Safiyar tafiya: kasuwa da ɗaurin kaya

Kasuwar kayan lambu ta Farin Gada ita ce wurin. Na san Bakano zai ce Farar Gada ya kamata, to a nan haka muke faɗa, Hausar Jos ba ta cika damuwa da mace da namiji ba, kuma in ka gyara wa mai keke sai ya ƙara maka kuɗi don ya gane baƙo ne. Ka isa kafin takwas, lokacin da ake sauke kaya. Wanda zai fita ta kudu yana iya tsayawa kasuwar kayan lambu ta hanyar Bukuru.

Kada ka saya a rumfar farko. Ka zaga ka ji farashi a wuri uku, ka kuma gane wa ke da kaya, wa ke dillanci. Fara da masu nauyi da jure hanya: dankali, kabeji, karas. Dankali ana auna shi da bokiti ko kwando ko buhu. Ka ce a juye maka a ƙasa ka ga gindin, domin manyan a sama ake jera su. Wanda ya yi kore, ko ya fara tsiro, ko fatarsa ta jiƙe, ka cire. Kabeji ka ɗaga ka ji nauyi, mai nauyi shi ne cikakke. Karas ka sa a yanke ganyen. Sannan koren wake da kokwamba da koren tattasai. Latas da sitiroberi su ne na ƙarshe, kuma sitiroberi a watannin sanyi ake samunsa da yawa. Ka duba ƙasan robar, in ka ga ruwa ja ya taru, jiya ko shekaranjiya aka tsinke shi.

Acca kuma a Katako ko wajen mata masu awo. Ka tambaya ko wankakkiya ce, ka ɗebi kaɗan ka tauna. In ka ji ƙasa-ƙasa a haƙori, ka san aikin rairaya na jiran uwargida, kuma ba za ta gode maka ba. Mai son kayan fata ya leƙa Naraguta tun ranar farko ko ta biyu, ba yau ba.

Wajen ɗauri, dankali a buhu mai shan iska, ba a leda ba. Ganye a kwali mai huda, a ɗora shi a sama. Ka tsaya a kan yaran tasha lokacin lodi, in ba haka ba buhun wani zai kwana a kan latas ɗinka. Ka yi cinikin kuɗin kaya da direba kafin a ɗaure, ba bayan an ɗaure ba. Motocin Kano da Bauchi da Maiduguri a tashar Bauchi Road suke lodi, kuma na safe sun fi saurin cika. Sitiroberi kada ya shiga but. A cinyarka zai zauna, nesa da taga mai rana, kuma in Kano ko Sakkwato za ka, a cinye shi a daren da ka isa.